Awa Ɗaya da Rabi a Sama

"Ban yarda ba, Auta! Wallahi ban yarda ba!"

Umma ta dangwarar da dutsen guga har tebur ya girgiza.

"Kwana biyu a mota fa! In ciwo ya kama ni, kafin ki iso an tashi daga zaman makoki."

"Umma, a jirgi awa ɗaya da rabi ne..."

"Jirgi? Ce miki aka yi tsuntsuwa na haifa?"

Na shige ɗaki ina kuka.

Dogo ne ke neman aurena. Gyaran injin jirgin sama yake yi, kuma kamfaninsu ya mayar da shi wani gari mai nisa. Gwaggo, ƙanwar Abba, ita ke hura wutar, don ɗanta mai shagon taya take so in aura. Kullum da sabon labari: hanya ta lalace, gada ta karye, wance ta kai 'yarta can har yau ba ta sake ganinta ba.

Na kira Dogo a waya.

"Haba Zumata, share hawayenki," ya ce. "Ba ni Umma take ƙi ba, nisan take tsoro."

Ranar Asabar ya zo ya durƙusa a gabanta, ya roƙe ta ta je ta ga gidan da zan zauna.

Abba ya yi gyaran murya. "Ƙyale ta, yaro. Tsoron jirgi take."

"Ni?" Umma ta harare shi. "Auta, ɗauko min mayafina!"

Har da bargo da filo ta haɗa. Da jirgi ya ɗaga ta runtse ido, ta damƙe hannuna tana ta addu'a. Can ta buɗe ido ɗaya.

"Auta... gajimare ne a ƙarƙashinmu?"

Daga nan ba ta sake barin taga ba. Tana cikin gyara filo za ta kishingiɗa aka yi sanarwa.

"Me matar nan ta ce?"

"Mun iso, Umma."

"Mun iso ina? Ko gyangyaɗi ban fara ba!"

Ta zagaye gidan Dogo tsaf. Ta murɗa famfo, ta leƙa kicin, ta ja labule ta taɓe baki.

"Wannan bai yi ba. Ni zan kawo wa 'yata nata."

Dogo ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni kuwa na faɗa jikinta.

Da yamma Gwaggo ta tarar da mu a tsakar gidanmu.

"Ayya, an fasa tafiyar ke nan?"

"Mun je mun dawo," in ji Umma. "Zauna, ranar biki za mu tsayar."

Ba mu daɗe da tarewa ba, wata safiya wayata ta yi ƙara. Umma ce.

"Auta, ɗora tukunya, ga ni a filin jirgi. Ki ce wa ɗana ya sama min kujerar taga!"

Dogo ya fashe da dariya, ya jawo takalmansa.

"Zumata, tashi mu share ɗakin baƙi."