Muryar da Na Bari a Ɗaki

Ranar Talata ce, gab da magariba, na sauka daga mota a bakin layinmu, jaka a kafaɗa, ledar burodi a hannu. Daga aji nake. Ni da duk asibitinmu babu nas mai taushin hannu a allura kamata, sai ga shi ina da shekara arba'in da uku an zaunar da ni a benci tare da yaran da na koya wa ɗaura bandeji. Wai sai da digiri za a ƙara min girma. To, na ji.

Aikin safe nake, in tashi ƙarfe biyu, aji kuma huɗu zuwa shida, Talata da Alhamis. Maigidan direban babbar mota ne, sai mu yi mako biyu ba mu ga ƙeyarsa ba. Yara biyu Allah ya ba mu bayan dogon jira: Sarkin Tambaya mai shekara bakwai, da Auta mai uku da rabi. Ku faɗa min tsakani da Allah, wa zan bar wa su?

Sai na yi dabara, kuma har yau ina jin haushin yadda ba wanda ya yaba mata. Na naɗi muryata a tsohuwar wayata, awa biyu da rabi cur. Shiru, shiru, sai duk minti goma sha biyar, kamar zagayen duba marasa lafiya, a ji: "Ina jin ku fa!" Can kuma: "Kai, bar mata abinta!" Har tari na saka. In kunna musu talabijin, in ce Umma za ta shiga karatu, wanda ya buga ƙofa ba shi ba alewa. In ajiye wayar a ɗakina, in kulle, in sulale ta ƙofar kicin. Wata biyu ina haka, ina yi wa kaina kirari a mota.

Ran nan ina laluben makulli a jaka, sai yatsana ya gogi fasasshen gilashi.

Tsohuwar wayar ce. A kashe. Garin sauri ban ajiye ta ba.

Na ce shi ke nan, asiri ya tonu, yau unguwa ta sha kukan Auta. Amma da na isa bakin gida, tsit. An ɗauke wuta. Na tura ƙofar kicin a hankali, sai wani wari ya tare ni, wanda na sani a wurin aiki: warin katifar da aka ɗauke gawar mai ita da safe.

Sai na ji ni.

"Ina jin ku fa."

Daga ɗakina. Na dubi wayar da ke hannuna. Baƙa ƙirin.

"Umma," muryar Sarkin Tambaya ce daga falo, "bakwai sau takwas?"

"Hamsin da shida, ɗan albarka. Kawo wata."

Ban naɗi wannan ba. Ni da ko a gabana ya tambaya, sai na ce ya bari in gama shafi. Shi kuwa ko mamaki bai yi ba. Da ji ya saba.

Na raɓe jikin bango na leƙa. Yana ƙasa da littafinsa a ɗan hasken taga. Auta na tsaye, tana tsotsar yatsa.

"Auta ta Umma," in ji muryar, a hankali, "zo in gyara miki kitso, yau ban da aji ban da aiki ban da gajiya, zo mu kwanta in ba ki labari har ki yi barci a jikina yadda kike so..."

Shekara ashirin ina ƙirga numfashin mutane, ko ban yi niyya ba kunnena na yi. Na jira ta ja iska.

Ba ta ja ba.

Ƙofar ɗakina ta yi ƙara, ta ɗan buɗe. Makullinta na cikin tafina.

Auta ta taka. Ɗaya. Biyu.

Hannu ya fito daga duhun. Hannuna ne, har da tabon ƙunar da ke bayan babban yatsa.

Ban san lokacin da na tsallake falon ba. Na cafke wuyan hannun, yatsuna biyu suka sauka inda suka saba sauka.

Sanyi ƙalau. Ba bugu.

"Sake ni," ta raɗa da muryata. "Wayarki ba ta amsa musu. Ni ke amsawa."

"'Ya'yana ne."

"Huɗu zuwa shida nawa ne."

A'uziyyar da na yi, ko ni ban gane ta ba. Na suri Auta, na finciki yayanta a kwala, muka yi waje ba takalmi. Ba mu tsaya ba sai ƙarƙashin fitilar mai shago.

"Umma," in ji Sarkin Tambaya yana haki, "ta ina kika fito? Ba ki buɗe ƙofar duka ba."

Na ƙara ƙanƙame Auta, na ƙwala wa mai shago kira.

Mai shago da ƙaninsa suka raka mu da tocila. Ƙofar a kulle take gam, yadda na bar ta. Ciki ba kowa.

Maigidan da ya dawo ya ji labari, kwana uku bai min magana ba, wai ni ce mai laifi. Ban musa da ƙarfi ba. Na dawo da katifata falo. Yanzu da su nake zuwa aji, su zauna a bencin baya suna zane, malami na harara ina rama masa. Na faɗi darasi ɗaya, ni ɗin nan guda.

Yaron ya ware. Auta ce dai.

Jiya na kira ta daga kicin sau uku ta zo ta sha shayi. Shiru. Na leƙo da cokali a hannu. Tana tsaye tsakiyar falo, ta juya min baya, tana kallon ƙofar ɗakina, tana jira a kira ta daga can.