Murafe Shida

Ranar da aka ba mu hutu na dami Mama, sai ta tafi da ni wurin aikinta. Mama mai bincike ce. Makarin dafin gamsheƙa take nema.

Muna shiga na ce, "Ina macijin?"

"Babu maciji a nan, Auta. Dafinsa kawai, a firji. Shi ma ɗan kaɗan ya rage."

Ta sa safar hannu. Ta ɗauko ƙananan farantai shida daga akwatin ɗumi, ta jera a tebur. Cikinsu wani abu ne ruwan ɗorawa, ya daskare.

"Mama, ƙwai ne fa!"

"Gwaiduwa ce. Ba ta ci ba ce, sarkin kwaɗayi."

Ta ce dafin yana da wani sinadari mai narkar da maiƙo. Da shi yake ɓarna a jikin mutum. In ya taɓa gwaiduwa sai ya ci wurin, ya bar zobe garau. A kowane faranti ta haɗa dafin da sinadarin gwaji daban. Lambarsa tana kan murfi.

"Wanda ba a ga zobe a cikinsa ba, shi ne ya fi ƙarfin dafin."

Sai Farfesa, shugabarsu, ta leƙo ta kira ta.

"Zauna nan," in ji Mama. "Ido kawai. Ban da hannu."

Na zauna. Na miƙe. Na sake zama. Murafen duk sun yi gumi, ba a ganin komai. Haba! Har yaushe?

Na cire su duka shida, na tara a gefe. Biyar suna da zobe. Ɗaya babu!

Sai na ji takun Mama. Na mayar da murafen da sauri, kowanne inda hannuna ya kai.

Mama ta goge gumin ta duba. Ta yi tsalle kamar yarinya.

"Lamba huɗu! Auta, lamba huɗu!"

Ta jawo littafinta. Yanzu ina karanta rubutun Mama tsaf. Ina gani ta rubuta: "Lamba huɗu ta hana dafi aiki."

Ni kuwa ban san ko huɗun ce ba.

"Mama."

"Na'am, 'yar albarka."

"Na buɗe su. Na cakuɗa murafen."

Biro ya faɗi. Mama ta cafke hannuwana tana juya su.

"Kin taɓa ciki? Kina da ciwo a yatsa? Kin sosa ido?"

"A'a, murfi kawai."

Duk da haka ta wanke mini hannu har sau uku. Sannan ta zauna ta zuba wa farantan ido. Wallahi gara ta yi faɗa.

Farfesa ta shigo, na faɗa mata komai ina kuka.

Ta sauke tabarau ta ce, "Kin yi ɓarna, jikata. Amma da kin yi shiru, da mun yi wata da watanni muna bin sinadarin da ba shi ba ne."

"Dafin da ya rage, gwaji ɗaya kawai zai yi," in ji Mama. "In ya lalace, shi ke nan."

Na share hanci. "To me zai hana a rubuta lambar a gindin faranti? Shi ai ba ya ciruwa."

Farfesa ta harari Mama tana dariya. "Sau nawa na gaya miki?"

Mama ta sosa ƙeya.

Ni aka ba sababbin farantai tun babu komai a ciki. Na rubuta lambobin a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Mama ta zuba gwaiduwa da sinadaran da sauran dafin, ta rufe akwatin ɗumi.

"Sai gobe."

"Gobe? Mama!"

"Gobe."

Washegari na tsaya a bayanta, hannuwana cikin aljihu. Mama ta ɗaga farantin da babu zobe. Ta leƙa gindinsa.

"Karanta mana, Auta."

"Biyu!"

Ashe ba huɗu ba ce. Mama ta ajiye farantin, ta cire safa, ta rungume ni har na ce wayyo.

Daga ranar na gane abu biyu. In aka ce jira, in jira. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri, tun bai cuci kowa ba.