Sifirin Motar Gwadabe

Shekarar da abin ya faru, ko ta farin nan ce ko wadda ta biyo ta, Allah masani. Gwadabe direba dai yana zaune a Ƙofar Ruwa, yana da tsohuwar mota da 'ya guda, Mero.

Sifirin motar na baya, na gefen hagu, ya karye, ƙarafan nan da ake jerawa bisa juna su ɗauki nauyi su shanye gargada. Sai ya kwanto wani daga mushen motar da aka yasar a gindin ganuwa wajen Ƙofar Dawanau, ana dab da magariba, ko bisimilla bai yi ba.

Tun daga ranar, da ya taka rami sai bayan motar ya fizge hagu, kamar an ja shi da hannu. Ya kai wa Ashafa bakanike. Ashafa ya danna bayan motar ya saki. Gefen dama ya tashi ya tsaya. Na hagu ya ci gaba da lilo, a hankali, bai daina ba. Ya leƙa ƙasa, babu tsaga, babu notin da ya kwance.

"Maigida, in gefe ɗaya ya fi laushi, mota takan ja. Wannan kam ba aikin sifana ba ne."

Yammacin nan ana tuƙa tuwo kaji suka yi tsit. Tsakuwa ta faɗo tsakar gida, wata ta biyo. Mero, da ke wanke kwanuka, ta zauna daɓas ta fara jijjiga hannuwanta kamar mai rarrashin jariri, babu komai a cikinsu. Kwana da kwanaki ba ci ba sha, idanu a kafe.

Aka ɗauko Malam Isyaku, mai ruƙiyya. Ya sa turare, ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Ɗana yana kwance cikin lanƙwasar ƙarfen nan. Kowane rami sai ya tsala ihu. Ni ke riƙe motar."

"Me yarinya ta yi miki, baiwar Allah?" in ji Malam.

"Ya ɗauki nawa, na ɗauki nasa."

Gwadabe ya miƙe. "Malam, yanzu zan ɗauki ƙarfen a mota in mayar inda na kwanto shi."

"Ba a mota ba!" in ji muryar. "Ya goya shi da zane, ya taka a ƙasa. In ya yi tuntuɓe, 'yarsa ta tafi."

Malam ya sa aljanar ta rantse za ta saki yarinyar. Mero ta yi atishawa ta sulale.

Da hantsi Gwadabe ya ratsa unguwa, ƙarfe goye a baya, yana taku kamar mai jego. Masu zaman zaure suka fara dariya, suka ga fuskarsa, suka bari. A gindin ganuwa ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya kwance zanen.

Bayan rigarsa a jiƙe yake, da ɗumi, daidai faɗin jariri. Bai waiwaya ba. Da ya koma gida, tun daga zaure ya jiyo Mero tana cewa a ba ta koko.