Wasiƙar da Aka Jefa Gidan Baba Ishaku

Ranar Juma'a da hantsi Edith Kazah ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da wata wasiƙa. Ma'aikaciyar jinya ce, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Isaac. Wata biyu ta yi tana neman haya a Narayi, kusa da makarantar yaron, kafin ta samu ciki da falo a gidan Baba Ishaku. Shi kuwa Baba ba ya ba da makulli sai ya ga katin aiki, da mai tsaya wa mutum, da shaidar tsohon mai gida.

Sajan Jemimah ta karɓi wasiƙar. An buga ta da kwamfuta da sunan Malam Abdulmalik, mai gidan da Edith ke haya a Tudun Wada, wai ta sace masa janareto.

"Baba ya ce in nemi wani gida," in ji Edith. "Sajan, Allah shaida, ban taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba."

Jemimah ta sake duba takardar, ta tsaya a kan sunan Edith da aka rubuta a ciki. "Wa kike zargi?"

"Ban sani ba. Akwai wani Derrick da shi ma yake son ɗakin."

Da Tudun Wada Jemimah ta fara. Ta tarar da Malam Abdulmalik a shagonsa na gyaran keken ɗinki. Ya saurari wasiƙar har ƙarshe, ya yi salati.

"Janareton ga shi can a zaure. Maman Isaac? Ita ta yi jinyar matata sati uku, ko sisi ba ta karɓa ba."

"Malam, mene ne cikakken sunanta?"

Ya sosa ƙeya. "Mu dai Maman Isaac muka sani."

Ya jawo littafin rasit. Shekara huɗu, haka yake rubuta sunan, kuma da ajami yake sa hannu. Sa hannun wasiƙar kuwa da boko ne. Jemimah ta cire shi daga zargi.

Derrick ta same shi a garejin motoci a Trikania. "Ni ko unguwar da take ban sani ba," ya ce. "Kuma tun ranar Lahadi na haƙura. Tony dillalin gidan ya ce an riga an ba wani ɗan kasuwa ɗakin."

"Tony ne ya faɗa maka haka? Ranar Lahadi?"

"Da bakinsa."

A Narayi, Baba Ishaku na zaune ƙarƙashin mangwaro.

"Baba, yaushe wasiƙar ta zo?"

"Talata da safe na tsince ta a ƙarƙashin get."

"Takardun Edith fa?"

"Alhamis Tony ya kawo su. Ban ma buɗe ba, raina ya riga ya ɓaci."

Baba ya miƙo ambulan ɗin takardun, Jemimah ta buɗe, ta zaro kwafin katin aikin, ta ce a kira Tony da Edith. Tony ya iso yana fara'a, makullai na ƙara a hannunsa.

"Edith, yaushe kika ba Tony ambulan ɗin nan?"

"Asabar."

"Wa kuma ya taɓa ganin katin nan?"

"Ba kowa. Sabo ne, kuma sun yi kuskure a sunana. Jira nake a gyara."

Jemimah ta jera katin da wasiƙar a kan benci. "Baba, duba. Sunanta Kazah. A katin an rubuta Kazat, a wasiƙar ma Kazat. Malam Abdulmalik bai san sunan ba, Derrick bai san unguwarta ba, kai kuma sai Alhamis katin ya shigo gidanka. Daga Asabar zuwa Talata mutum ɗaya ne yake riƙe da shi, kuma shi ne ya kori Derrick da labarin ɗan kasuwa."

Fara'ar Tony ta ɗauke. "Sajan, ai kowa na iya..."

"Mu je shagon da ka buga ta, ko ka faɗa a nan?"

Ya sunkuyar da kai. Ɗan kasuwar ya yi masa alƙawarin la'ada ninki biyu in ya sama masa ɗakin, shi kuma ya ga Baba ya fara karkata ga Edith.

Jemimah ta sa kofur ɗin da ya rako ta ya wuce da Tony mota. Baba Ishaku ya shiga ciki ya fito da makulli.

"'Yata, na yanke miki hukunci ban saurare ki ba. Ki yafe mini."

Edith ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba. "Baba, ba ka ga shaidar tsohon mai gidana ba tukuna."

"Zan je da kaina in gaishe shi," in ji Baba. "Ke dai ki kawo yaron gobe ya ga ɗakinsa."