Mai Amsa na Bakwai

"Na ce an fasa! Kada wanda ya sake yi min maganar auren nan!"

Baba ya buga tebur har kofin shayi ya yi tsalle. Auta na durƙushe a ƙofar falo, ta rungume takardun furojet ɗinta na jami'a, hawaye sai zuba suke. Saura wata biyu a ɗaura aurenta da Dogo, ɗan Tela maƙwabcinsu, ga shi Baba ya birkice.

Kuma a kan me? Rigimar wasu manyan ƙasashe biyu can ƙarshen duniya, waɗanda ba su ma san da zamansu ba! Baba na bayan wannan, Tela na bayan waccan. Aminan shekara talatin, amma yanzu ko gaisuwa babu.

"Haba Malam, yaran me suka yi?" in ji Umma.

"Ba zan haɗa zuri'a da mai goyon bayan azzalumai ba!"

Abin haushin, binciken Auta na gama jami'a a kan wannan cutar yake: yadda siyasar duniya ke raba mutane gida biyu. Ta yi hira da mutum ashirin a unguwa, ta ɓoye sunayensu kamar yadda ƙa'ida ta tanada, kowa ta ba shi lamba.

Mako guda ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta kunna kwamfuta ta kashe, ta leƙa taga ta dawo. Ranar Asabar da hantsi ta tarar da Baba ya ɗora tabarau yana karanta takardunta.

"Ke Auta! Wane ne Mai Amsa na Bakwai ɗin nan? Kai, mutumin akwai hankali! Wannan ko shakka babu namu ne."

Kalma ɗaya ce tsakaninta da aurenta, amma ta yi wa mutane alkawari.

"Sori Baba, amana ce. Ko sufabaizana, malamin da ke duba aikin, bai san sunayen ba."

"Riƙe amanarki! Yanzu zan kai wa wancan mai taurin kan ya ji yadda masu ilimi ke magana."

Ya figi takardar ya fice, Auta na binsa takalmi ɗaya a ƙafa. A shagon ɗinkinsu, Tela na kan keke, Dogo na guga. Baba ya gyara murya ya karanta da ƙarfi:

"Duk wanda ya ga gawar yaro, ko na wane ɓangare ne, zuciyarsa ba ta karye ba, to ba mutum ba ne. Su manyan can, gobe za su zauna..."

"...su sha shayi tare, mu su bar mu da gaba," Tela ya ƙarasa, bai ko ɗago ba. "Ni ne na bakwai ɗin."

Kunya ta lulluɓe Baba, ya dubi takardar, ya dubi amininsa, idonsa ya cika da ƙwalla. Can ya jawo bencin da ya ƙaurace wa, ya zauna.

"To me kake jira? Auna ni. Ko da tsohuwar riga kake so in je ɗaurin auren?"

Auta ta fashe da kuka, wannan karon na murna. Da ta tona sunan tun a gida, da Baba ya ce haɗa baki aka yi. Haƙuri da riƙon amana su suka mayar mata da Dogo. Ku kuwa, kada rigimar waɗanda ba su san sunanku ba ta raba ku da maƙwabcin da zai ɗauki gawarku.