Wasan da Ya Ƙi Hannu Ɗaya

Ranar da Auta ta fara ganinsa, wayar mahaifinta ta kawo gyara. Shagon ɗan tsukuku ne, tebur ɗaya da fitila mai lanƙwasa wuya, sai kwalayen tsofaffin batura. Kowa a layin Injiniya yake ce masa.

"Faɗuwa ta yi?" ya tambaya yana duban tsagaggen gilashin.

"Wurgi aka yi da ita. Babana tela ne, bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na sauke masa wani wasan gona na kyauta don ya rage zaman shiru. Sai ka sa yatsu biyu kafin ka yi shuka, rubutun kamar tururuwa, in kira ya shigo duk abin da ka noma ya tafi. Jiya ya yi ta fama da hannu ɗaya har ya yi hawaye. Na rubuta ƙorafi, mai wasan ya ce kyauta ce, wanda bai so ya goge."

Injiniya ya ajiye sukudireba a hankali.

"Ni ne mai wasan."

Ta dube shi, ya sunkuyar da kai. Ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Ta jira ya gama, ta karɓi wayar ta fita.

Da yamma saƙonsa ya shigo ta lambar da ta bari: "Shekara biyu na yi ina haɗa wasan nan ni kaɗai, shi ya sa suka take min zafi. Amma na yi kuskure. Ki lissafo min duk abin da ya gagari Baba."

Ta amsa: "Ba Baba kaɗai ba ne. Koma ka karanta abin da mutane suka rubuta, wannan karon ba da fushi ba."

Ya karanta. Akwai wanda bai iya bambance ja da kore, akwai wadda ta rasa ta inda ake fita daga wasan. Ya fara gyara ɗaya bayan ɗaya, yana tura mata tana gwadawa a hutun rana a kantin magani inda take aiki. Sannu a hankali hirar ta wuce girman maɓalli.

"Sarauniyar ƙorafi, yau me na ɓata?"

"Yau ba komai. Abin ya ba ni tsoro ma."

"To ni ina da ƙorafi. Kwana uku ban gan ki ba."

Da maganar aure ta isa gida, Baba ya girgiza kai. Ɗan amininsa, wani malamin makaranta, ya daɗe yana nema, kuma Baba ya san Injiniya ne mai wasan, bai manta ranar hawayen ba.

"Yaron da ya nuna min ba ni da sauran amfani?" ya ce da harshensa mai nauyi. "A'a."

Auta ba ta yi musu ba, sai dai ta daina amsa saƙo. Injiniya ya ɗauka malamin ta zaɓa. Bayan sati biyu ya kasa haƙuri, ya rufe shago ya zo ya yi sallama.

Baba yana zaune a falo kusa da kekensa na ɗinki da aka lulluɓe. Injiniya ya durƙusa.

"Baba, ba maganar Auta ta kawo ni ba. Haƙuri na zo ba ka. Kuma ina so in ga yadda kake riƙe waya, don har yau zato nake yi."

Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙo hannun hagu.

Injiniya ya buɗe wasan ya sa masa wayar a hannu. Baba ya yi shuka da babban yatsa ɗaya. Ya yi ban ruwa. Da ya zo girbi sai yatsan ya kasa kai kusurwar sama.

"Sauko da wannan," in ji Baba. "Mai aiki da hannu yana auna mutum kafin ya yanka yadi. Kai ka yanka tukuna."

"Zan gyara, Baba."

"Dawo jibi in gani."

Injiniya ya dawo bayan kwana biyu, ya kuma yi ta dawowa har wata uku. Wata rana Baba ya kira Auta, ya tambaye ta ko har yanzu tana son sa. Ta rufe fuska da mayafi.

Ranar ɗaurin aure Baba ya ƙi a riƙe shi, ya miƙe da sandarsa ya dafa kafaɗar angon.

"Na ba ka ita. In ta yi magana ka saurara har ta kai ƙarshe. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai tausayi."

Falon ya amsa da amin, Auta kuwa tana daga ciki tana share hawaye.