Katin da Ba a Biya Ba

Ranar Lahadi, Sufeto Ibarburu ya kai loma ta farko baki ke nan aka bugo masa waya: an tsinci gawar Don Heber Silveira a ɗakin karta na kulob ɗin makiyaya. Ya ture farantin, ya sa hula.

Kafin ya isa, Sajan Pintos ya riga ya kama mutum. Halinmu ke nan a wannan gari na kan iyakar Uruguay: abu na faruwa, sai ido ya koma kan wanda ya tsallako daga Brazil. Wannan karon tsautsayin ya faɗa kan Valdemir, direban motar shanu.

"Yallaɓai, an gama," in ji sajan. "Kowa ya ji ya yi wa tsohon barazana. Gobe sai gaban alƙali."

"Wa ya gama? Kai?" Sufeto ya wuce shi ya shiga.

Tsohon na kwance, ƙeyarsa ta bugi gefen murhu. A kan teburin foka, wasan kartar da suke caca da shi, gaban kujerarsa, akwai kati biyu a kife, an danne su da kofin giya. Sufeto ya duƙa. Gindin kofin ya bar zobe biyu na danshi a bayan katin, ɗaya ya hau kan ɗaya.

"Wanda ya buɗe katin nan, da ni zai yi," ya ce wa sajan. Shi ma bai buɗe ba.

Doña Zulma, mai kula da kulob ɗin, ita ke raba kati. Ya same ta a kicin, idanu sun yi ja.

"Doña, me ya haɗa direba da marigayi?"

"Resto mana. In mutum ya ce resto, ya tura duk abin da ke gabansa ke nan, kuma magana in ta fita ba ta komawa. Valdemir ya faɗa, ya ga tsoho zai biya, wato ya zuba daidai kuɗinsa a buɗe kati, sai ya sa hannu aljihu wai zai ƙara don ya tsorata shi. Don Heber ya ce abin da ke kan tebur shi ke wasa. Aka cinye shi tas, ya fita yana zage-zage."

"A nan aka tashi?"

"An yi zagaye ɗaya bayan nan. Don Heber ya ce resto, ya ɗora kofi a kan katinsa. Haka yake yi, kuma ba ya sake taɓa kofin. Kowa ya janye. Sai aka ce nama ya gasu, muka fita tsakar gida, shi ya tsaya zai sha maganinsa."

Sufeto ya tuna da zobe biyun nan: lallai wani ya ɗaga kofin ya mayar. "Wane kati yake riƙe da shi?"

Matar ta dube shi kamar ya yi saɓo. "Sufeto, wanda bai biya ba, ba ya gani. Ko ni mai rabawa ban isa ba. Wanda ya ɗaga katin da bai biya ba, ya bar kulob ɗin nan har abada, kuma garin nan ba mai sake zama tebur ɗaya da shi."

Valdemir na zaune a bayan motar 'yan sanda, hannu cikin ankwa.

"Ban ce masa komai ba, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake. Ka ce sai ka ga bayansa."

Direban ya sunkuyar da kai. "Na faɗa. Baki ne kawai. Ina da 'ya'ya a Bagé, can Brazil, in aka rufe ni wa zai ci da su? Ni an cinye ni ido na gani, na san abin da ya kashe ni. A tambayi mai kemis da muka zauna tebur ɗaya da shi. Bayan na fita, ta taga na ga ya jefar da katin sarki biyu, fuskarsa kamar an watsa masa ruwan zafi."

Sufeto ya ji tausayinsa, amma bai nuna ba. Ya dai ƙudura a ransa mutumin nan ba zai kwana a rufe kan laifin wani ba.

Ya sa aka kira Wilmar Techera, mai kemis, ɗakin karta. Mutum ne tsaf-tsaf, irin masu gyara wa mutane zama a coci.

"Don Wilmar, kana ina lokacin?"

"Bakin wuta, tare da jama'a. Ban motsa ba."

"Madalla." Sufeto ya ja kujera, ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a nan, ya miƙa masa. "Ni ban iya foka ba, amma an ce tsohon nan gwani ne. An ce yau ya kore ka kamar kaza, kana riƙe da sarki biyu."

"Wasa ne."

"Ai ka yi dabara. Tunda ya ce resto, lallai abin da ke hannunsa ya fi naka. Mutum ya san iyakarsa. Doña ma ta ce duk kulob ɗin nan babu kamarsa."

Techera ya dangwarar da ƙoƙon. "Gwani? Rashin kunya dai! Wane mai mutunci ne zai ce resto da tarkacen kati, bakwai da biyu?"



"Bakwai da biyu," in ji Sufeto a hankali. "Ka biya ne, Don Wilmar?"

Ya ɗauke kofin, ya buɗe katin da bakin biro. Bakwai. Biyu.

Sai kafaɗun Techera suka zube.

"Abin ne ya ƙi barina," ya ce. "Naman ma ya ƙi wucewa. Na ce bari in leƙa, na ɗauka ya fita. Ina mayar da kofi sai ga shi a bayana yana dariya. Ya ce yanzu zai fita ya gaya wa kowa. Na riƙe shi ina roƙo, ya fizge, na ture shi. Wallahi ban nufi kisa ba."

Sajan Pintos ya kwance ankwar daga hannun Valdemir ba tare da ya iya haɗa ido da shi ba, ya kawo ta ya sa wa mai kemis.

A bakin ƙofa Techera ya ja birki. 'Yan kulob na tsaye cirko-cirko a tsakar gida. Ya matso kusa da kunnen Sufeto.

"Ka ce musu faɗa muka yi na ture shi. Zan amsa a gaban alƙali. Maganar leƙa katin nan kawai, don Allah kada ta fita."

Sufeto ya dube shi, takaici ya cika shi.

"Ka kashe abokinka, ka zauna kana cin nama ana ɗaure bawan Allah a madadinka, kuma har yanzu katin ne ke damun ka?" Ya tura ƙofar da ƙafa. "Wuce. Da bakinka za ka gaya musu."